Irin Bara Waccan

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ina aji huɗu na firamare, a ƙauyenmu kusa da Zurmi. Manya na ƙofar gida suna gardamar wa zai samu aiki a Gusau, mu kuwa da an idar da isha'i sai ɗakin kakarmu Hassi, ta hura wutar kara tana gasa mana gujiya. Ni nake zama kusa da wutar, don kullum ina tsoron tartsatsi ya kama tabarma. Shi ya sa take kirana Tsoho.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata tsohuwa ce, duk girbi sai ta zaɓi gero mafi kyau ta zuba a gora, ta haɗa da toka, ta ɗaura igiya mai ƙulli: bana ɗaya, baɗi biyu. Ba ta taɓa juye sabo kan tsoho ba. Gari na yi mata dariya, wai ta cika ɗaki da goruna. Sai baƙo ya kawo iri mai zangarniya kamar damtsen ƙato. Kowa ya shuka, har da ita, amma su sai suka daka nasu na gado suka sha fura. Shekara biyu ana murna. A ta uku ruwa ya ɗauke da wuri, baƙon iri bai fidda kai ba. Tsohuwa ta sauko da gorunanta, ta ƙirga ƙulli baya, ta tsallake biyu na baƙon iri, ta buɗe na uku ta raba wa gari.

Na tambayi Kaka, in shi ma ƙwari sun ci fa?

"Kai Tsoho, mi ka damunka? Sai ta koma na bayanai. Don haka ta aje su duka."

Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki nake yi a Ƙaura. Bara ɗiyata Rukayya ta yi wata huɗu tana haɗa manhaja a kwamfuta, aikin kammala karatunta. Ranar Asabar, saura kwana biyu ta gabatar gaban malamai, ta ƙara wani gyara, komai ya tsaya. In ba ta gabatar ba, sai ta maimaita shekara. Na kasa cin tuwon rana. Na ce a kai wa mai gyaran waya, ta ce injin lafiyarsa ƙalau.

Ta nuna mini wani dogon jeri. Ashe duk matakin da ta kai, tana adana aikin da kwanan wata da ɗan bayani, kuma sabo ba ya goge tsoho. Ta dawo da na Alhamis, bai tashi ba. Ta dawo da na Talata, ya tashi garau. Aikin kwana huɗu kawai ta sake.

Na tambaye ta ko a makaranta aka koya musu. Ta ce an koya wa kowa, amma ba kowa ke yi ba. "Baba, wanda ya tashi gidan da ake duba kwaɗon ƙofa sau uku, ai dole ya adana."

Na daɗe ina jin kunyar halina, ina ɗauka tsoro ne kawai. Ranar na gane tsohuwar ba matsoraciya ba ce, ai ita ma ta shuka baƙon irin. Ajiyarta ce ta ba ta zuciyar gwadawa.

Ranar Litinin Rukayya ta gabatar, ta kuma haye. Da safen na raka ta bakin titi, na daure ban tambaye ta ko ta adana na ƙarshe ba. Sai da mai mashin ya sha kwana da ita na kira ta a waya na tambaya.