Sunan Yaya Haladu a Kan Lambobin Jabu

Shekara huɗu ke nan da korona ta ɗauke mana Yaya Haladu a Kuala Lumpur, kuma har yau idan na tuna shi, fushi ne yake riga hawaye zuwa. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma na kasa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo Malesiya yin digirin digirgir a fannin ƙarafa, ni kuma na biyo shi daga baya, muka zauna tare a wani bene a Cheras. Wata rana ya tsinci wata tsohuwar lambar yabo a kasuwar gwanjo, ya kai ta ɗakin gwaji don son sani. Ashe irin lambobin da gwamnatin Jamus take ba manomanta ne a lokacin yaƙin duniya na biyu: wanda shanunsa suka yi nono da yawa a ba shi, wanda alkamarsa ta yi yabanya a ba shi. Daga nan abin ya shiga ransa. Kafin a jima, masu tara kayan tarihi daga ƙasashe daban-daban suna turo masa hotuna suna tambaya: ta gaske ce ko jabu?

Ya sha nuna mini bambancin. Ta gaske bugawa aka yi, don haka ƙwayoyin zangarniyar da ke jikinta a tsaye suke ɗai-ɗai. Jabu kuwa narka ƙarfe ake a zuba, sai ka ga 'yan ramuka kamar zanzana, da wani siririn layi a gefe. Yakan ce na ƙarshen yaƙi da yawa da tutiya mai arha aka yi su, domin tagulla ta tafi ƙera makamai, saboda haka lambar da ta cika kyau da nauyi abar tuhuma ce. Ban taɓa ganin yana sha'awar alamar gwamnatin nan ta masu wariyar launin fata da ke jikinsu ba. "Waɗanda suka buga wannan ba su ɗauke ni mutum ba," in ji shi. "Shaida nake tsarewa, ba su nake so ba."

Da aka sa dokar kulle, mutane suka zauna a gida, cinikin intanet ya buɗe. Akwai wani ɗan gida, Bahaushe ɗan'uwanmu, mai shagon kayan tarihi a Bukit Bintang. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ya aiko wa Yaya kwali guda na lambobi a kan babur ɗin kai saƙo, sannan ya kira shi, yana kambama shi da Dakta tun bai gama digirin ba.

"Dakta, boleh lah, abin ai mai yiwuwa ne. Ka ce kawai ka duba na gaske ne, sauran ka bar mini."

"Alhaji, na duba," in ji Yaya. "Duk zubi ne. An jiƙa su da ruwan tsami don su yi kamar sun tsufa. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne, ba zan sa sunana ba."

A satin nan magana ta fara yawo a zauren waya na 'yan gida, wai Haladu yana ajiye gumakan Turawa a ɗaki, wai ya bar karatu ya koma bautar ƙarfe. Mutanen da suka ci tuwon sallah a falonmu suka karanta, ba wanda ya ce uffan. Yana cikin wannan baƙin ciki zazzaɓi ya kama shi. Aka kai shi asibiti, ba a bar ni na shiga ba. Mutanen da ban ga fuskarsu ba, cikin fararen rigunan leda, su suka sa shi a kabari, ni kuma ina kallo ta waya.

Ba a yi sadakar arba'in ba na ga lambobin nan a shafin Alhaji. Ƙarƙashin kowacce an rubuta cewa marigayi Dakta Haladu ya tantance ta. Da aka sassauta kulle na hau jirgin ƙasa na sami Alhaji a shago, na ce masa ya yi wa mamaci ƙarya. Ko kujera bai ba ni ba.

"Yaro, idan ƙarya na yi, kira shi ya ƙaryata ni."

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni dai na ga ta yi 'ya'ya: shagon ya ƙara girma, mai shi yana sahun gaba a kowane taron 'yan gida, ana kiransa ya buɗe da addu'a. Masu saye ma ban wanke su ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawansu ba tarihi suke nema ba, alamar nan suke so su rataye a bango. Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin satar sunansa ce za ta fi yi masa ciwo. Shirun mutanenmu ne, waɗanda suka san gaskiya suka zaɓi zaman lafiya da mai shago.

To, me ya rage? Bai kammala digirinsa ba, bai bar gida ko mota ba. Amma bara wani dattijo ɗan Malesiya, mai tara irin waɗannan kaya, ya neme ni muka haɗu a wani mamak, irin gidan shayinsu, a Sri Petaling. Ya ajiye ɗaya daga cikin lambobin Alhaji kusa da kofin shayina. Ya ce ya saya ne saboda sunan da ya gani, amma da ta iso hannunsa ya juya gefenta, kamar yadda Haladu ya taɓa koya masa, nan take ya gane.

"Ban yi zaton yayanka ya yi kuskure ba ko sau ɗaya," in ji shi. "Na san dai ya rasu, tunda har wannan ta fito da sunansa."

Allah ya jiƙanka, Yaya Haladu. Wanda ya ci amanarka kuma, akwai ranar da za a kira ka, ka ƙaryata shi.