Sunan da ban taɓa kira ba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko na bar ɗinki ne, ban bari ba. Jinya na yi.

Ɗan farina ya rasu bara. Motar wake ce ta kife da su tsakanin Sabon Maci da Maradi. Shekararsa ashirin da huɗu.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban mutane. Ni "wancan" nake ce masa tun yana goye. Ko a zaman makoki kunya ta hana ni kuka. Mata suka yi ta yabona, wai na iya haƙuri. Ni kuma, don wauta, na ji daɗin yabon.

Bayan sadakar arba'in ƙirjina ya fara ɗaurewa. Da na ji ƙarar babbar mota sai gumi, zare ya ƙi shiga allura.

Na daina zuwa kasuwa. Na daina leƙa zaure. Daga baya tsakar gida ma ta gagare ni. Ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, ni da keken ɗinki muna kallon juna. Tsoro ya cika ni, na ɗauka tawa ce ta zo.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Ƙanwata Rabi ta ja ni asibitin Maradi da ƙyar, na rufe fuska da mayafi har muka isa. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗibi jini, aka yi radiyo, wato hoton ƙirji. Tumakina biyu suka tafi a kuɗin awo.

Lokotoro, wato likita, ya duba takardun ya ce zuciyata lafiya lau. Ya tura ni wurin wata ma'aikaciya da aikinta zama da mutum ta saurare shi. Raina ya ɓaci. Na sayar da tumaki don a ce in je hira? Ai a garinmu Dakoro kyauta muke yin ta.

Zaman farko takalmanta na yi ta kallo. Amma na lura ita kaɗai ce ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta koya mini jan numfashi a hankali, ta ba ni aiki: kowace safiya in taka zuwa bakin zaure in dawo. Wata rana in iya, wata rana in kasa.

A zama na huɗu ta ce, "Inna, kullum wancan kike cewa. Mi sunanshi?"

Na ce ba a faɗi. Ta ce daga ni sai ita a ɗakin, kuma ba dole.

Daga ƙarshe na daure na faɗa mata. Da na faɗa, kukan da na hana kaina a makoki ya zo gaba ɗaya. Ba ta tsayar da ni ba.

Ba ranar na warke ba, sai da na yi ta komawa. Amma jiya da ƙafata na je kasuwa na sayo zare.

Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da wannan baiwar Allah. Ku kuma, in awo ya ce lafiya amma ƙirji bai saki ba, ku tambayi lokotoro mai sauraro. In kun je gaisuwa, ku bar uwa ta yi kukanta.

Ku sa mini shi a addu'a. Sunansa Isuhu.