Mai Filaya da Wayoyin Ƙodarsa

Shekara ashirin da shida Mai Filaya ya yi yana hawa falwaya a kamfanin lantarki, bai taɓa faɗowa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, filaya a aljihun baya, tastar gwada wuta a maƙale a kunne. Ko gidan surukai ya je gaisuwa, sai ya duba soket ɗinsu kafin ya zauna.

Hawan jini ne ya sauko da shi ƙasa. Ƙwaya huɗu yake sha kullum, matarsa ta janye gishiri har miya ta koma ruwan zafi, amma duk awo ɗari da tamanin, kamar an kafe da ƙusa. Likitar kamfani ta hana shi taka tsani. Aka ba shi tebur da tarho, ya riƙa amsa koken waɗanda aka ɗauke wa wuta. Jama'a, ina hankali a nan? Mai hawan jini a sa shi ya wuni ana zaginsa! Wata shida aka ba shi. In jinin bai sauka ba, teburin ya zama nasa har ritaya.

Sai aka tura shi wajen likitan zuciya. Likitan ya zana masa ƙoda a takarda, ya ce akwai ƙananan jijiyoyi kewaye da hanyar jininta, masu kai saƙo tsakaninta da ƙwaƙwalwa, nasa kuwa sun cika aika saƙon a ƙara matsi. Za a zura siririn bututu ta saman cinya har can, a ƙona su da ɗan zafi.

Mai Filaya ya gyara zama. "Likita, ka ce kawai lodi ya yi wa layi yawa, za ku yanke waya."

"Kusan haka ne, Baba."

"To da ka faɗa tun ɗazu, ai da ba mu ɓata takarda ba."

Ranar aikin, allura ta sa shi tsakanin barci da ido biyu, amma bakin bai mutu ba. Sau biyu yana tambaya ko sun kashe layin kafin su taɓa. Da aka gama kuma ya nemi sanin wa ya naɗe bakin wayar da salatif.

To ga inda aka samu matsala. A sana'arsa, in ka yanke waya, magana ta ƙare nan take. Likita ya ce masa ya ci gaba da shan magani, ya ji sarai, amma ya ɗauka irin gargaɗin manyan ofis ne da ba su taɓa hawa sama ba. Yana isa gida ya tattara ƙwayoyin ya jefa cikin kwalin matattun ƙwayayen fitila.

"Maigida, ba haka likita ya ce ba," in ji matarsa.

"Ke, kin taɓa ganin an yanke waya fanka ta ci gaba da juyi?"

"Na gani mana. Tamu takan daɗe tana juyi kafin ta tsaya."

Ya yi kamar bai ji ba. Kafin sati biyu ƙeya ta fara sara, matar ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitan ya wanke shi tas: jiki ba makunni ba ne, sauƙin a hankali yake zuwa cikin watanni, kuma aikin rage jinin yake yi, ba sallamar magani ba. Mai Filaya ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji tsoro, don saura wata huɗu. Daga ranar matarsa ta karɓi riƙon ƙwayoyin, sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa take barin wurin.

Da wa'adi ya cika, likitar kamfani ta auna: ɗari da talatin da shida. Ya ce ta sake, shi ba ya yarda da gwaji ɗaya. Ta sake, ta sa hannu a takarda.

Da azahar yana can ƙolin falwaya, ɗaure da bel, rufin gidaje a ƙarƙashinsa. Murna ta cika shi har hawaye suka zubo, ƙaton mutum da furfura. Ya ciro waya ya kira matarsa.

"Ina sama," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Ka sha ƙwayar rana da na ba ka?"

Ya laluba aljihu, ya ji tana nan. Sannan ya sauko a hankali, ya tafi neman ruwa.