Ranar da Na Wanke wa Wani Motar Babanmu

Ruwan burtsatsen gidanmu a unguwar Fadaman Mada ba ya shiri da mota. Idan ka wanke ta da shi ka bar ta a rana, kafin ka mayar da bokiti ɗaki ta bushe da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa mata ruwan kanwa. Motar Baba kuwa baƙa ce wuluk, komai ƙanƙantar tabo sai ya nuna.

Ni ce auta a gidan, kuma ni na gaji wankin motar tun da ciwon gwiwa ya zaunar da Baba bayan ya yi ritaya. Maƙwabta sun ɗan yi surutu, wai ina aka taɓa ganin mace da soso a jikin mota, daga baya suka gaji suka bari. Baba yakan sa a fito masa da kujera ƙarƙashin dogon yaro, ya zauna yana ba ni umarni da sandarsa.

"Auta, taɓa ƙarfen tukuna. In da zafi, ki bar ta."

Da sassafe muke yi, cikin inuwa. Ba a jiƙa motar duka lokaci ɗaya. Ƙofa guda za ki wanke, ki ɗauraye, ki goge nan take da tsohon zani mai laushi, sannan ki matsa gaba. Ruwan ɗauraya kuma daban yake: muna da duro da muke tara ruwan sama a ciki, da rani kuma ruwan famfo na madatsar ruwa ta Gubi duk ranar da aka ga damar kawo shi. Wanda ya taɓa duron nan don wanki ko alwala, ranar zai ji muryar Baba.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, aka zauna rabon gado, babban yayanmu ne da bakinsa ya ce a bar motar. Inna na fama da hawan jini, tana yawan zuwa asibiti, ni kuma na iya tuƙi.

"Muddin Inna na raye, ba mai taɓa motar nan," in ji shi. Kowa ya amince, aka shafa fatiha.

Haka muka ci gaba. Ina koyarwa a makarantar firamare, idan na tashi na kai Inna asibiti ko gidan 'yan'uwa. Ranar Asabar na wanke motar. Sai dai a watannin farko na rashin Baba ban iya kusantar wurin kujerarsa ba, na riƙa kai motar wajen masu wanki a bakin titi. Su kuwa da ruwan rijiya suke yi, cikin rana tsaka, har gilashin ya yi tabon da sabulu ba ya fitarwa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo gida. Ya gaida Inna, ya fito ya tsaya yana kallon motar.

"Auta, wani abokina zai aurar da ɗansa gobe, ya roƙi aron motar Baba a ɗauko amarya. Don Allah ki fito da ita kamar yadda kike yi wa Baba. Ina so mutane su gani."

Daɗi ya kama ni. Yaya bai taɓa yabon aikina ba, shi ne ma kan gaba wajen cewa ba aikin mace ba ne.

Washegari ina idar da sallar asuba na fara. Na matse lemun tsami a ruwa, na jiƙa tsumma ina ɗorawa a gilashin, in bar shi ya ɗan jima, in murza, in ɗauraye. Tabon da ya daɗe ba ya fita da sauri, sai da yatsuna suka yi fari suka tattare. Na bi jikin motar ƙofa-ƙofa, na ƙarar da ruwan duron kaf. Na fitar da dardumar ƙafa na kakkaɓe, na goge kujeru, har turaren wuta na sa mata saboda amarya. Inna ta leƙo sau ɗaya, na ce, "Inna, dubi motar Baba." Ta saki labule ta koma. Na ɗauka tunanin Baba ne ya taso mata.

Da hantsi Yaya ya zo da wani mutum mai jar hula. Mutumin bai tambayi mai ko lafiyar taya ba. Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya karkata kai yana duban fentin ta gefen haske. Ina tsaye da zanin goge motar a hannu.

"Alhaji, ka yi gaskiya," ya ce da Yaya. "Fentin asali ne. Da ka faɗa mini ban yarda ba. To, mun daidaita kamar yadda muka yi magana."

Na dubi Yaya. Shi kuma yana kallon ƙasa.

"Yaya, wace magana?"

"Shiga ciki, Auta. Zan yi miki bayani."

"Ba amarya za a ɗauko ba?"

"Na ce ki shiga ciki. Miƙo makullin."

A gaban baƙo ba zan yi musu da yayana ba, ba haka aka rene mu ba. Na kunce makullin daga gefen zanina na miƙa masa. Mutumin ya ce mini, "Sannu da aiki, Hajiya," ya shiga ya tayar. Ruwan da na yi wankin da shi bai ma bushe a ƙasa ba.

Na shiga ɗakin Inna. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ki yi haƙuri. Shagonsa na Ƙofar Wambai ne ya durƙushe, ya zo ya yi ta roƙona. Sauran 'yan'uwanki ma duk ya same su."

"Kowa ya sani ke nan? Sai ni?"

"Ya ce in kin ji ba za ki yarda ba."

"Kuma kina gani ina ta gurza tun asuba, Inna?"

Sai ta fara hawaye, ni kuma na fita don kada jininta ya hau.

Da yamma Yaya ya dawo da bayaninsa. Ya ce hakkina na nan, zai ba ni. Na ce masa ba hakki nake tambaya ba. Da a ce ya zaunar da ni ya ce, Auta, na shiga matsala, wataƙila in yi kuka in yi faɗa, amma a ƙarshe da hannuna zan ba shi makullin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya san yadda nake ji da motar, ya yi amfani da hakan don ta yi kyau a idon mai saye, har da ƙirƙiro amarya.

"Ke dai kin cika riƙo," ya ce. "Mota ce fa kawai."

Bai ba ni haƙuri ba, har yau. Shagon ya ɗan farfaɗo, Yaya ya yi alkawarin shi zai riƙa kai Inna asibiti, ya kai ta sau ɗaya ko biyu, sai uzuri ya yi yawa. Yanzu a keke mai ƙafa uku nake kai ta, ina riƙe da ita idan an shiga rami. Muna gaisawa da Yaya, ina zuwa sunan 'ya'yansa, ina kai musu abincin salla. Amma idan ya ce mini abu, ko da lokacin ɗaurin aure ne, sai na tambayi wani kafin in sa mayafi.