Katin da Na Yi wa Inna

Shekarar da aka sake buɗe hanyar Makka bayan korona, mahaifiyata ta samu kujerar aikin Hajji. Na ɗauko ta daga Aujara zuwa gidana a Limawa, cikin Dutse, don ta riƙa halartar bitar maniyyata. Sharaɗi ɗaya ya rage: allurar rigakafi sau biyu, da katin shaida.

Ni kuwa a lokacin na cika cikina da saƙonnin murya na waya. Wai duk wanda aka yi wa allurar ba zai shekara biyu ba. Ga ni da boko, amma ban taɓa tambayar likita ko ɗaya ba. Na ce ba uwata za a yi gwaji da ita ba. Na samu wani ya yi mini kati, hatimi da komai, ba tare da allura ta taɓa fatarta ba, ita kuwa ba ta san komai ba. Har daɗi na ji, wai ni mai dabara.

A wurin bita asiri ya tonu. Mata na ta ƙorafin dantsensu ya yi tsami, wata ta tambayi Inna a wane hannu aka yi mata allurar. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsare ni, na kuwa faɗa mata gaskiya, har ina ƙarawa da cewa lafiyarta nake ji.

Ta dube ni ta ce, "Wato da ƙarya za ka kai ni ɗakin Allah?"

Washegari ta sa matata ta raka ta asibiti aka yi mata ta farko. Kwana ɗaya ta yi da ciwon hannu, shi ke nan. Sai dai ta biyu sai an jira makonni, kafin su cika kuwa an rufe karɓar takardu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce Allah bai kira ba, sai baɗi. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Baɗin ba ta zo mata ba. Hawan jinin da ta daɗe da shi ya kayar da ita da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Na san ajali ne, ba sai an tuna mini ba. Amma kujerar nan ni na hana ta.

A zaman makoki mutanen Dutse suka yi ta shigowa suna cewa, "Allah ya jiƙan Hajiya," don da haka ake girmama kowace dattijuwa. Ina amsawa da amin, kaina a ƙasa. Mutanen Aujara da suka san ta, Inna kawai suke cewa.