Ɗoɗɗoyar da Hajja Kulu ta bar min amana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajja Kulu ta rasu. Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar aji da alli a hannu. Na ga kiran Batula, ɗiyarta, na ɗaga da sauri kafin netwok ya gudu. Ko sallama ba ta yi ba.

"Nafisa, Inna ta tahi."

Na zauna a kan dakalin makaranta. Har yanzu ban san wanda ya karɓi ajin ba.

Ba ta'aziyya kaɗai ta sa nake wannan rubutun ba. Akwai abin da ta bar min amana, kuma ban riƙe shi yadda ta ce ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla, katanga ɗaya ta raba mu. Ba mu haɗa jini ba, amma na ci tuwonta fiye da na gidanmu, faɗanta kuwa na sha shi har na ƙoshi.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanta, tukwane zai fara tunawa. Randa ta tsage, a kai wa Hajja Kulu. Jabana, 'yar tukunyar dafa kofi, ta karye a baki, a kai wa Hajja Kulu. Tulu, kasko, gwangwanin madara, tsohuwar butar alwala, babu wanda ba ta shuka wani abu a ciki ba. Na'ana'a, barkono, albasa, yakuwa, har da lalle a cikin rabin randa.

Marigayi mijinta yana noman auduga da dawa a gonarsa ta bakin tur'a, inda ake sako ruwan ban-ruwa. Yakan tsokane ta ya ce shi yana noman fili, ita tana noman kasko. Sai ta ce masa, "Kai sai an buɗe maka ruwa, ni ko kullum damina nike."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ba ta zuba wa shuka ruwa. Zir ɗinta na ruwan sha, babbar randar nan da ke kan ƙarfe a ƙarƙashin rumfa, yana ɗiga ta gindi ɗis-ɗis. A nan take jera tukwanen, tana sauya su bi da bi, kowace da lokacinta. In ta ga wani ya ɗauko moɗa zai yi mata taimako, sai ta daka masa tsawa: "Aje! Jaki aka ba ruwa da bokiti."

Baƙar ƙasar nan tamu mai danƙo ma ba ta yarda da ita ba, sai ta gauraya ta da yashi da tsohon kashin awaki. Kowace tukunya sai ta huda mata gindi, ta ɗora ɗan guntun fasasshiyar tukunya a kan hudar.

Duk wannan na sani. Tun ina ƙarama nake kallonta tana yi.

Ranar da na ci jarrabawa, ita ta tsinko lalle ta daka ta ƙunsa min da hannunta. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kwana uku tana zaune a gefena ba ta yi min wa'azi ko ɗaya ba, shayi kawai take miƙo min da ganye a ciki. Da aka turo ni koyarwa garin Rusairis, ta ba ni na'ana'a a gwangwanin tumatir. Wata ɗaya na kashe ta. Da na gaya mata, ta yi dariya har da tari, ta ce hannuna na alli ne.

A cikin tukwanen nan duka, ɗaya ce take ji da ita kamar ranta. Wata ɗoɗɗoya ce a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa mai karyayyen baki, ta yi baƙi saboda tsufa. Ta ce kakarta ce ta taho da irin daga ƙasar Sakkwato, zamanin da suka fito aikin hajji a ƙasa, tafiya ta tsaya musu a bakin kogin da ƙauyenmu yake. Tun daga lokacin ake yankar reshe ana dasawa, daga uwa zuwa ɗiya. Ƙamshinta ba irin na ɗoɗɗoyar kasuwa da ake ce wa rihan ba ne, wannan kam ni shaida ce. "Ɗiyata" take ce mata.

Da yaƙi ya iso ƙauyukanmu, kowa ya fita da abin da hannunsa ya kai. Wasu takardu, wasu bargo. Hajja Kulu ta sauka daga bayan lori a Rusairis da tukunyar nan a rungume, ta lulluɓe ta da gefen mayafinta. Batula ta ce min, a hanya in an raba ruwa, sai Hajja ta kurɓa, ta haɗiye rabi, ta tofa rabi a cikin tukunyar.

Watanni suka yi a gidana. Wallahi a cikin duk wahalar nan, ban taɓa jin gidana ya zama gida ba kamar a lokacin.

Ganinmu na ƙarshe, ranar da za su koma ƙauye ne. Da hantsi, an gama ɗaure kaya, sai ta ɗauki tukunyar da kanta ta durƙusa ta tura ta ƙarƙashin zir ɗina. Ta daɗe tana gyara mata zama har ɗigon ya riƙa faɗawa daidai gindin shukar.

"Nafisa, ban san mi za ni iskewa can ba. Bar ta nan inda ni aje ta. Kak ki yi mata gwaninta, zir ya san aikinai. In na iske ruwa ga tur'a, ni aiko a ɗauko ta."

Na ce, "Hajja, ni da kika ce hannuna na alli ne?"

Ta ce, "Shi ya sa ni ce kak ki taɓa."

Na raka su tashar mota. Ta leƙo ta taga tana nuna ni da yatsa, ina dariya.

Wata biyu ban taɓa shukar ba, kuma ta yi kyau, ta yi kore shar. Sai wata rana abokan aikina suka zo shan kofi, ɗaya ta ce wannan shuka mai ƙamshi haka, ai ba ta dace da wannan mummunar tukunya ba. Maganar ta zauna min. Na ce zan yi wa Hajja abin mamaki.

Na shiga kasuwa na zaɓo tukunyar roba fara tas, mai zanen zinari a baki, irin waɗanda ake gani a hotunan intanet. Na ga ba ta da huda a gindi. Na gani da idona. Na ce ai ya ma fi, ba za ta jiƙa min siminti ba. Na ɗebo baƙar ƙasa daga bayan gida na cika ta. Wajen ciro saiwar, tsohuwar tukunyar ta rabe biyu a hannuna, na kwashe na zubar. Na ajiye sabuwar a ƙofar falo inda baƙi za su gani, nesa da zir, ina ba ta ruwa da jug safe da yamma. Ni a tunanina ƙauna ce nake nuna mata.

Ganye ya fara rawaya. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa.

Sai da ƙasar ta fara wari na tona, na tarar gindin ya yi baƙi ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa.

A tsakanin nan Hajja ta kira ni sau uku da wayar Batula. Kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Yaya ɗiyata?" Ni kuma in ce, "Kwayyis, Hajja, lafiya lau take." Har na tura wa Batula tsohon hoto, wanda na ɗauka tun shukar tana ƙarƙashin zir, na ce ta nuna mata.

Niyyata in farfaɗo da ita tukuna, sannan in ba ta labari mu yi dariya. Amma mutum ɗaya ce a duniya ta san yadda ake ceto irin wannan, kuma ba zan iya tambayarta ba sai na tona kaina. Kullum sai in ce gobe.

Ɗazu bayan an dawo daga maƙabarta Batula ta sake kira. A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe da suka koma, ba su tarar da ko ganye ɗaya a gidan ba. Tukwanen sun bushe, wasu an farfasa, kwalbar da take ajiye iri ma babu ita. Ta ce Inna ta tsaya a tsakar gida ta duba, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ba komi, ta wurin Nafisa na nan."

Na ce, "Batula, me ya sa ba ku gaya min ba?"

Ta ce, "Ita ta hana. Wai kar hankalinki ya tashi ki cika mata ruwa."

Sannan ta gaya min wasiyyar. A gidansu, duk macen da ta rasu, ana yankar reshen ɗoɗɗoyar nan a dasa a wajen kan kabarinta. An yi wa kakar, an yi wa uwar, kuma waɗanda aka dasa musu ɗin ma fari ya cinye su. Hajja ta ce a karɓo ta wurina a dasa mata, a kuma mayar wa iyayenta nasu.

"Yaushe za ki kawo ta? In hanya ta yi kyau, ki zo kahin sadakar bakwai."

Na ce mata netwok yana yankewa. Ba ya yankewa.

Ga abin da ya rage. Ɗan tsinke ɗaya daga can sama, mai ganye biyu, kowanne bai kai farcen ɗan yatsana ba. Kwana huɗu da suka wuce na yanke shi na saka a kofin shayi da ruwan zir, na ajiye a inuwa. Babu saiwa, babu alamarta. Ban san ko in sauya ruwan ba, ban san ko in bar shi ba. Yanzu ko taɓa kofin tsoro nake ji.

Batula, na kasa faɗa miki a waya. Ga shi na faɗa a gaban kowa. Hoton nan da kika nuna mata tana murna, tsoho ne. Ki yafe min, tunda ita ba zan ƙara samun damar roƙonta ba.

Jama'a, musamman matan ƙauyenmu da aure ko gudu ya kai Wad Madani da Damazin da sauran wurare, idan Hajja Kulu ta taɓa ba wata reshen ɗoɗɗoyar nan kuma tana raye a wurinta, don girman Allah ta yi min magana a kwament ko ta inbos. Ko ina ne zan zo.

Ya Allah Ka jiƙan Hajja Kulu. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya mata shi, Ka shayar da ita kamar yadda ta raba kurɓin ruwanta da abin da ba ya iya roƙo. Ka ba Batula da 'yan'uwanta haƙuri. Ni kuma Ka yafe min ƙaryar da na yi wa tsohuwar da ta yarda da ni.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba. Idan kun gama, ku roƙa min Allah Ya fito da saiwa a jikin ganye biyun nan kafin kwana bakwai, don ba ni da abin da zan kai mata sai su.