Surukina a Kan Jaki

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Zariya, ina malamin awon auduga, ina zaune a Tudun Wada, wadda a lokacin unguwar baƙi ce. Nan wani malami ya sauka daga gabas da sabon wuridi, jama'a suka yi ta karɓa. Ni ma na karɓa, har na auri 'yar wani dattijo Bafillace daga cikin manyan almajiransa.

Na zauna cikinsu lafiya, sai ranar da malamin ya ce sallar wanda bai karɓi wuridinsa ba, ba ta hawa sama. Mahaifina kuwa ya karantar da Risala a cikin Birni har ya rasu, bai taɓa jin labarin wuridin nan ba. Na ɗauki buzuna na fita, wasu suka biyo ni. Daga nan mutanen malamin suka sa mana suna fasassun tuluna, wai an zuba mana albarka ta tsiyaye. Suka kuma yi rantsuwa cewa ƙafar ɗayansu ba za ta sake taka ƙofar gidan fasasshen tulu ba.

Ana cikin haka matata ta haihu a gidan iyayenta, da yake haihuwar fari ce. Ta aiko ƙanwar mahaifina da saƙo gajere: gidan da ubanta ba zai taka ba, ita ma ba za ta koma cikinsa ba. Na san halinta sarai. In dattijon bai zo suna ba, na rasa mata, ɗana kuma ya tashi a gidan wasu.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, aka ɗaure rago. Limamin unguwa, wani Babarbare mai son raha, ya zauna yana jan carbi, ni kuwa idona na kan hanya. Can sai ga surukina tafe bisa jaki. Ya ratso har bakin tabarma, ya yi sallama, bai sauka ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, ga wuri an gyara."

Ya ce, "Na gani, Malam. Daga nan ma ana jin addu'a. Rantsuwa na yi ba zan taka ba, ban rantse jaki ba zai taka ba."

To, dattijon dogo ne ƙwarai, jakin kuwa na maƙwabcinsa ne, ɗan guntu. Dole ya naɗe ƙafafunsa sama kamar mai haye rafi.

Liman ya dube shi ya ce, "Kai, Bafillace, shanun sun ƙare ne ka koma kiwon jakuna?"

"Yi abin da ya kawo ka, bawana. Kada ka cika mu da surutu."

"Ai kuwa yanzu za ka ji addu'a, ubangidana."

Aka raɗa suna, Liman ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa jariri, ya roƙa wa mai jego, ya bi kakanni ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙa wa damina, ya roƙa wa matafiya na ƙasa da na jirgi, har marasa lafiyar garuruwan da ba mu taɓa ji ba. Hannayen dattijon na sama, ba damar ya riƙe wuyan jaki. Gwiwoyinsa suka soma rawa, gumi ya keto masa, yana ta "amin, amin" da ƙarfi don a taƙaita. Liman bai ko dube shi ba. Kafin a shafa fatiha, sai ga tafin ƙafarsa biyu shimfiɗe a ƙasa.

Dattijon ya dubi ƙafafunsa ya jima, sa'an nan ya ce, "Ni ban sauka ba, saukar da ni aka yi. A cikin addu'a kuwa aka yi, ba ni da ta cewa." Ya zame daga kan jakin, ya zauna kusa da Liman, ya ce a miƙo masa goronsa.

Mutanen malamin sun yi mako suna gardama ko rantsuwar ta karye, daga bisani aka ce ya yi kaffara da azumi, ya kuwa yi. Matata ta gama wanka ta dawo ɗakinta, shi da kansa ya rako ta har zaure, da ƙafa.